Yadda Na Raba Yaya da Barno

Gidanmu yana unguwar Ƙofar Kuyambana, kuma tun da na yi wayo na san mu Barebari ne. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini, a cikin gida na tsinci maganar kamar yadda na tsinci rijiya da turmi. Gidan Barno ake ce wa gidan. Ranar Sallah mata su yi burabusko, su turara ɗakuna har ƙadangaru su bar zaure, a ce gado ne. Ba mu da tsagar Barebari a fuska, amma an ce kakanmu malami ne, shi ya hana. Muna da manyan kunnuwa masu buɗewa kamar faifai, su ma an ce na Barno ne. Daga baya aiki ya kai ni Maiduguri, na yi shekaru ina leƙen kunnuwan mutane a kasuwa ban ga irin namu ba. Sai na ce wataƙila na can auratayya ce ta rage musu.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan asali shi ne Yaya, babban wanmu, mai gidan a yanzu. Gidan da ke kallon namu na wani Bafulatani ne sa'ansa, tsohon malamin makaranta. Bai taɓa mallakar saniya ba, kuma Fulatancinsa bai wuce “jam” ba, kamar yadda Barbarcin Yaya bai wuce “wushe” ba. Amma Fulani da Barebari abokan wasa ne, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma duk abin da suka faɗa wa juna ba ya zama zagi. Tun suna samari suke wannan. Kullum bayan la'asar za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, maƙwabcin ya tsallako da sandarsa.

“Babarbare, an fito? Matsa wa ubangidanka wuri.”

“Wane ubangida? Ɗan Fillo mara garke. Kai da ko akuya sai ka yi aro ranar suna.”

“Tun daga ƙofar gidana nake jin warin banda, na ce lalle bawana ya yi wanka.”

Haka za su yi ta yi har a kira magariba, su tashi tare, ɗaya na jan hannun ɗaya zuwa masallaci.

Yaya maɗinkin manyan riguna ne, da allura ya ci da iyalinsa. Da ido ya yi rauni ya ajiye allurar, sannan mai ɗakinsa ta rasu. Daga nan ya shige ɗaki. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa kasuwa, rediyo ma ya daina kunnawa. Abu ɗaya ya rage mai fito da shi, wannan zama na la'asar. Matar ɗansa da ke kula da abincinsa ta taɓa ce mini ranar da aka yi faɗa sosai a tabarma sai ya nemi ƙarin tuwo, ranar da maƙwabci ya yi tafiya kuwa kwanon a rufe yake dawowa.

Na ga irin wannan wasa a Bamako, inda mutum zai ji sunan danginka kawai ya ce maka mai cin wake, ku rungumi juna. Na kuma zauna a Ingila kusa da wani dattijo mai ladabi, muka yi shekaru muna gaisawa a kan ruwan sama da sanyi. Bai taɓa faɗa mini maganar banza ko ɗaya ba. Rasuwarsa ma sai da na ga an kafa allon sayar da gida na sani.

Bayan na dawo gida na zauna, 'ya'yanmu da jikoki da suka watsu Kaduna da Abuja da ƙasashen waje suka buɗe guruf na dangi a waya. Suka yanke za a yi taron zumunci bayan Babbar Sallah, a buga kalanda mai bishiyar zuriya, saiwa a Barno, rassa a ko'ina. 'Yar Yaya ta biyu, wadda ke koyarwa a jami'a, ita ta kira ni.

“Baffa, kai ka yi ritaya, kuma ka san Barno, ka ji yarensu. Just trace it. Sunan garin kawai muke so da sunayen kakanni.”

Na amsa da murna. Na fara da dattawan dangi. Wani ɗan baffanmu a Ƙofar Galadima ya ce wanda ya kafa gidan ya shigo birni da raƙuma ɗauke da littattafai, aka yi ta roƙonsa ya zauna. Wani ya ce Barno ma ya da zango ne, asalinsa Yaman. Ban yi mamaki ba. A Hartum kusan kowa na sani jikan Sahabbai ne. A zangon Kumasi kakan kowa madugu ne, shugaban ayari. Na yi yawo ba kaɗan ba, ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce kakansa ne ya ɗauki kayan ba.

Sai na tafi Kwarbai wajen Gwaggo, autar su babanmu, wadda ta fi kowa shekaru a zuriyar. Ba ta iya miƙewa sai an kama ta, amma kanta garau yake. Auren zumunci aka yi mata da ɗan baffanta, don haka ta san gidan ta ciki da ta waje. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goro da turare.

“Gwaggo, kakanku da ya kafa gida, yaya sunansa?”

Ta ja mayafi ta rufe baki. “Kai, ɗan nan. Mai sunan wancan ne.”

“Wancan wa?”

“Wancan dai. Na Kaduna.”

Ɗanta na fari take nufi, mutum mai farin gemu da jikoki, wanda ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi.

“To, shi kuma ubansa fa?”

“Mai sunan Malam ɗin gidan nan.” Mijinta kenan, da ya daɗe da rasuwa.

“Babban ɗansa kuma?”

“Surukina zan kama wa suna? Yawon nan naka ya cinye maka kunya.”

A gidanmu kuwa sunaye uku ake juyawa tsakanin maza tun fil azal, kowa ya haihu ya mayar da sunan ubansa ko na wansa. Duka ukun kuma kunya ta hana Gwaggo faɗa. Haka muka yi, ni ina kiran suna, ita tana kallon bango tana gyaɗa kai ko girgiza shi. Da muka hau sama sosai sai na tambayi abin da ya kawo ni.

“Daga wane gari na Barno ya taso?”

“Wa?”

“Mai sunan wancan.”

“Barno? Ai zuwa yake yi. Da jakuna.”

Na ce ban gane ba. Ta ce yaron wani falke ne, yana kora masa jakuna zuwa Barno saro kanwa. Da ya samu nasa jakunan ya kama gida a cikin birni, yana zube kanwa a zaure. Mata su aiki yara su ce a je gidan Barno a sayo. 'Ya'yansa suka yi karatu, suka kama allura, suka ga sunan ya yi musu kyau, ba su gyara ba. Burabusko kuwa a hanya ya koya, ya ce yana riƙe ciki.

“To, shi ɗan ina ne?”

“Kai ma ka san su. Mutanen gona.”

Na san su kuwa. Muna yara, duk kaka sai wasu mutanen ƙauye su zo da dammunan dawa da gyaɗa, a sauke su a zaure. Mun ɗauka 'yan ƙodago ne masu yi mana noma. Mukan yi musu dariya saboda yadda suke cin tuwo.

“Gwaggo, duk shekarun nan ba ki faɗa ba?”

“Wa ya tambaye ni? Ku maza kuna zaure kuna Barno, mu muna ciki muna dafa wa 'yan'uwanku abinci.”

Ƙauyen yana bayan ganuwa, tafiyar da mota ba ta ko yin zafi. Ban tambayi kowa gidan ba. Ina sauka na hango dattawa a gindin bishiya, rana na haskowa ta cikin kunnuwansu. Ɗaya daga cikinsu, da a ce ya sa tabarau, da na gaishe shi da Yaya. Da na faɗi daga inda nake, ya ce, “A'a, 'yan birninmu ne! Tuntuni aka ce mana kun zama Barebari, muka ce Allah ya sanya alheri.” Suka ba ni kaza da ƙwaryar gyaɗa.

Na rubuta abin da na samo a guruf. Wani jika daga waje ya amsa, “With due respect, Baffa, maganar tsofaffi ba hujja ba ce.” Ɗan baffanmu mai raƙuma ya fita daga guruf ɗin, aka mayar da shi, ya sake fita. A ƙarshe aka buga kalanda da bishiya mai rassa da yawa, mai zanen ya rufe saiwar da ciyawa. Wannan duk bai dame ni ba, yawancinsu matasa ne, sun samu wani abin musu kafin sati ya zagayo.

Yaya ne ban yi tunani a kansa ba. Ba ya riƙe babbar waya, don haka da bakina na gaya masa, a ɗakinsa. Na zaci zai musa. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi ko Gwaggo ce ta faɗa, na ce ita ce. Sannan ya nuna bango wajen gidan maƙwabci.

“To, shi fa?”

“Shi me, Yaya?”

“Da wane haƙƙi na yi ta kiran bawan Allah nan bawa? Wasa da tushe ake yin sa. In babu tushe zagi ne, kuma zagin maƙwabci. Kai ka yi karatu, ka san abin da aka ce a kan haƙƙin maƙwabci.”

Na ce ai ba da sani ya yi ba. Ya ce yanzu ya sani.

Ran nan kafin la'asar ya sa babbar riga, ya ce in raka shi. Ya tsaya a ƙofar zauren maƙwabci ya yi sallama, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, da can shiga kawai yake yi yana kiran a kawo wa ubangida ruwa. Maƙwabcin ya fito yana gyara hula.

“Alhaji, na zo neman gafara.”

“Wane Alhaji? Babarbare, me ka sha?”

“Ni ba Babarbare ba ne. Ga shi nan, ya je ya binciko. Na ce maka bawa, na ce ka yi kama da sandar kiwo. Ranar auren 'yarka na ɗauke cinyar rago na ce rabona ne. Ashe ba ni da haƙƙin ko ƙashi.”

Maƙwabcin ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Ya ce wannan sabon sharri ya fi na kullum, wa ya koya masa? Sai ya dubi fuskar Yaya, ya dube ni. Dariyar ta tsaya. Na ba shi labari a taƙaice.

“Ka yafe mini,” in ji Yaya.

“Na yafe,” ya ce a hankali. “Ni ma ka yafe.”

Daga ranar ladabi ya sauka a ƙofar gidanmu. Ana shimfiɗa tabarma, maƙwabcin ya zo ya zauna a gefe.

“Ina wuni, Malam.”

“Lafiya lau, Alhaji. Yaya iyali?”

“Lafiya. Yaya idon?”

“Da sauƙi. Yaya ƙafar?”

“Alhamdu lillahi.”

Iyakar hirar kenan. Wani lokaci ɗaya ya ce bana ruwa ya yi, ɗayan ya ce ya yi kam. Masu wucewa da suka saba rage tafiya don su ji abin dariya suka koma tambayata ko an yi rasuwa. Sau ɗaya maƙwabcin ya gwada, ya ce, “Jikan mai jakuna, matsa.” Yaya bai rama ba, ya sunkuyar da kai ya matsa. Maganar gaskiya ce, kuma babu wasan da zai lulluɓe ta. Maƙwabcin ya ba da haƙuri, Yaya ya ce ba komai, abin ya ƙara lalacewa. Ba a daɗe ba Yaya ya fara cewa jikinsa ba daɗi, a bar tabarmar. Kwanon tuwo ya koma dawowa a rufe. Matar ɗansa ta daina gaishe ni da fara'a.

Wata safiya maƙwabcin ya tare ni a hanyar masallaci, ya sa sanda ya tokare gabana.

“Kai, mai yawon duniya. An ce ka nemo sunan gari, ka je ka kwance mana zama. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Duk binciken nan naka, babu ko Bakano ɗaya a zuriyarku? Ni Bazazzage ne, da Bakano ma sai mu yi.”

Na ce na duba, babu.

“Tibi fa? Su ma abokan wasanmu ne.”

“Alhaji, daga ina za mu samo Tibi?”

“Ta wajen uwa. Ku bincika, ba a sani ba.”

Na ce duk abin da na sani daga Gwaggo na ji shi. Ya ce to a kai shi wajenta, kuma a tafi da Yaya. Na gaya wa Yaya Gwaggo na kiransa, don ba zai ƙi kiranta ba. Muka shiga keke mai ƙafa uku zuwa Kwarbai, su biyu a baya kowa na ce wa ɗan'uwansa ya gyara zama, ko na matse ka.

Gwaggo ta daɗe tana kallon Yaya. Rigarsa ta yi masa yawa. Ta tambayi ko ciwo ya yi, maƙwabcin ya karɓe maganar ya zayyana mata komai, har da cinyar rago. Ta saurara tana murza goro a magogi.

“Kai jikan wane gida ne?”

Ya faɗa.

“Mai durumi a ƙofa a da?”

“Shi, Hajiya. An sare shi da aka ja wayar lantarki.”

“To, ai can aka kai ƙanwar kakanmu. Mai jakunan. Daga ƙauye ya ɗauko ta ya aurar.”

Na gyara zama. “Ta haihu a gidan?”

“Namiji.”

Maƙwabcin ya kira sunan kakansa, ya ce ko shi ne. Gwaggo ta rufe baki da mayafi ta kalli bango, sunan ya zo ɗaya da na mijinta. Ta gyaɗa kai kaɗan. Ko amsa ce, ko wuyanta ne ya gaji, ban iya rantsewa ba.

“Kenan kakanninku taubasai ne,” ta ce. “Ɗan mace da ɗan namiji. Wannan wasa kuwa ba ya mutuwa da masu shi, jikoki na gadonsa.”

Kowa a ɗakin ya san sauran. A wasan taubasai, ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace bawa, shi ke da shara. Kuma gidan maƙwabcin sun daɗe suna cewa su Fulani ne tsantsa, ba gauraye. In ya karɓi maganar Gwaggo, ya zama jinin ƙanwar mai jakuna, kuma ya zama bawa na dindindin, ba irin na da ba da kowa ke cewa shi ne ubangida. Na ga yana juya sandarsa a ƙasa. Ya dubi Yaya, ya dubi wuyan rigar da ya yi masa yawa.

“Kamar na taɓa jin haka wajen kakata,” ya ce.

Yaya bai gamsu nan take ba. “Gwaggo, kin tabbata? Kada in sake ɗaukar haƙƙin mutum.”

“Ni za ka tuhuma? Ina goye da kai ka yi mini fitsari a zanen Sallah.”

Na buɗe baki zan tambayi me ya sa ba ta ambaci wannan ƙanwa ba a zuwana na farko. Gwaggo ta juyo ta kalle ni, irin kallon da take yi mana muna yara in mun miƙa hannu a kwanon baƙi. Na rufe bakina.

Yaya ya daɗe yana duban maƙwabcinsa daga hula har ƙafa, kamar mai tayin rago. Sannan ya miƙe ƙafafunsa.

“Ɗan mace. Ɗauko mini takalmana.”

“Waɗannan takalma ne? Na zaci kofato ne aka bar maka gado.”

Gwaggo ta ce mu tashi mu ba ta wuri, gardawan banza, za ta yi walaha. A keke suka cika wa direba kunne har ya wuce kwanar gidanmu.

Washegari tun ba a kira la'asar ba Yaya ya sa aka fitar da tabarma. Ya aika aka sayo sabuwar tsintsiya, ya jingine ta a bango kusa da shi. Bayan salla maƙwabcin ya tsallako, ya tsaya yana kallonta.

“Wannan fa?”

“Kayan aikinka. Ka fara daga zaure.”

“Kashin jakunan kakanka zan kwashe? Tun zamanin kanwa ba a share gidan nan ba.”

“Jakunan kawunka ne. Ka yi da ladabi.”

Matar ɗansa ta leƙo daga soro ta tambaya ko a ajiye masa tuwon dare. Yaya ya ce a cika kwanon, a kuma kankaro ƙanzo a kawo wa bawa.